Boreni

Kwana da kwanaki ke nan kalmar nan ta maƙale mini kamar zaren nama a tsakanin haƙora, harshe ya yi ta komawa wurin ko mai shi bai aike shi ba. Boreni. Kalmar Armeniyawa ce, mutanen duwatsun nan da ke tsakanin Turkiyya da Iran da Jojiya, kuma ma'anarta kura. In ka faɗe ta a hankali sai ka rantse sunan budurwa ne, ko na wani yadi mai taushi da ake yayi. Babu wari a cikinta, babu ɗingishi, babu kukan nan da ke sa akuya ta tsinke igiya. Tamu kuwa, kura, gaɓa biyu ce dogaye, ta farkon ma sai ka tsuke leɓe ka ja ta, kai ka ce dabbar ce da kanta take kira daga bayan gari.

A Gadarif tunanin nan ya fara kama ni, shekarun baya, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023. Garin yana gabashin ƙasar, ba nisa da iyakar Habasha, a kan wata baƙar laka wadda da damina take riƙe ƙafa har ta cire wa mutum takalmi, da rani kuma ta dare har tsagarta ta haɗiye ƙafar ɗan akuya. Dawa da riɗi ne arzikinsa. Tun cikin shekarun 1940 aka shigo da tarakta yankin, gonaki suka miƙe iya ganin ido, kaka kuma ta zama lokacin da 'yan ƙodago, waɗanda mutanen wurin ke kira jango, suke kwararowa daga ko'ina don yankan riɗi. Asalin garin kasuwa ne, Suƙ Abu Sin ake ce masa, da sunan gidan sarautar Shukuriyya, ita kuwa kasuwa ba ta tambayar mutum ɗan gidan wa ne. Larabawa sun zauna, Habashawa da Yamalawa da Kibɗawan Masar sun zauna, Hausawa da Fulani da Barebari sun kafa unguwanni da ƙauyuka. Har da Armeniyawa ƙalilan a cikin baƙin garin. Ciniki da aikin hukuma ne suka fara kawo irinsu ƙasar Nilu, don tun 1857 an naɗa ɗayansu, Arakil Bey, gwamnan Kartum a zamanin Turkawan Masar, sannan kisan kiyashin 1915 ya watso wasu zuwa duk inda aka buɗe musu ƙofa.

Sai nake ƙiyasta wani dare na wancan zamani, babu lantarki, babu ƙarar inji. Kuka ya taso daga wajen mahauta, irin wanda ke farawa daga ƙasa ya ɗaga sama. Makiyayin Bashukure ya ce marfa'in. Bahabashe mai tallan kofi ya ce jib. Mahajjacin Kano da ya yada zango don ya yi noman shekara guda ya tara guzuri ya ce kura, ya tashi ya duba turken jakinsa. Mai kantin Ba'armene kuwa ya juya a shimfiɗarsa ya ce boreni. Kukan ɗaya ne, amma shi na ƙarshen nan dabbar da ya kira ba ita ce ta yi kukan ba. A duwatsun ƙasarsu babu kura mai dabbare-dabbare, mai dariya, mai tafiya cikin garke. Wadda suka sani ita ce mai zane-zane da geza a gadon baya, wadda ke yawo ita kaɗai, ba ta cika hayaniya ba. Mu ma muna da ita, kuma ba kura muke ce mata ba in za a tsantsance magana: sayaki ce. Ashe boreni sayaki ce. Baƙon ya zo da tsohon suna a gafakarsa, ya ji abin da ya yi kama, ya liƙa masa.

Kalmar ta daɗe. Armeniyawa sun sami haruffansu wajen shekara ta 405 ta hannun wani malaminsu, Mesrop Mashtots, kuma tun a rubuce-rubucensu na farko tana nan. Da masu bin asalin kalmomi suka zauna a kanta sai suka rabu gida biyu, kowane gida kuma ya kai ni wani wuri da na sani.

Gida na farko ya ce launi ne. Akwai wani tsohon tushe a zuriyar harsunan da suka haɗa Armeniyanci da Farisanci da harsunan Turai, mai nufin ruwan ƙasa, kuma daga gare shi suke ganin boreni ta fito: mai ruwan ƙasa, shi ke nan. Daga tushen nan ne da yawa suke ganin kakannin Jamusawa da Ingilishi suka samo sunan beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi. Dabbar tana da sunanta na asali, amma tsoro ya hana su furta shi, suka koma cewa mai ruwan ƙasan nan, har ainihin sunan ya ɓace daga bakinsu. Rashawa su kuma suka ce mata mai cin zuma. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Wa ke cewa maciji da dare? Igiya ake cewa, ko abin ƙasa. Suna linzami ne, in ka ja shi mai shi zai waiwayo. Da wannan sanin ne uwa take ƙin kiran sunan ɗan fari, mace take ƙin kiran sunan miji, sai dai can kunya ce ta riƙe harshe, nan kuwa tsoro. Ita kanta kura muna da hanyar kauce wa sunanta. A wasu wurare Amina ake ce mata, kunnen Bahaushe kuwa amana yake ji a cikin sunan nan, alhali dabbar da aka ce kada a ba ta ajiyar nama ke nan. Larabawan dā sun yi mata alkunya irin ta matan gida, Ummu Amir. Lallashi ne. Ka kira mai ban tsoro da suna mai daɗi ko ya ji nauyinka ya wuce.

Gida na biyu shi ya fi tsaya mini a rai. A Armeniyanci akwai kalmar bor, ma'anarta kuturta, borot kuma kuturu. Masu wannan ra'ayi suka ce boreni daga nan take, wato dabba mai fata irin ta mai ciwo, mai tabo da gashi a yamutse. Hrach Martirosyan, a ƙamusunsa na asalin kalmomin Armeniyanci da ya fito a 2010, ya bi sawun yadda kura da mayya da ciwon fata suke yawan haɗuwa a suna guda a bakin mutanen yankin. Farisawa suna ce wa dabbar kaftar, kalmar ta shiga karin harsunan Armeniyawa, kuma da ita ake zagin tsohuwar da ake zargi da maita. Dubi waɗanda aka tara a inuwa guda: dabbar da ke cin mushe, mutumin da yatsunsa suka gutsure, da tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata.

Tsakanin kura da kuturu a Hausa babu dangantakar tushe, kamar sauti ce kawai a farkon baki. Amma wurin zama ya haɗa su, domin dukansu bayan gari aka ba su. Abin da zan faɗa game da mutanenmu shi ne ba su raba kuturu da mutuntakarsa gaba ɗaya ba. Sun yi masa sarauta, akwai Sarkin Kutare, yana da fada da mabiya. Sun kuma ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa, wato a gaban mai talla shi ma mai zaɓi ne. Duk da haka an ƙi cin abinci da shi a kwano guda, an ƙi ba shi aure, an sa sunan ciwonsa cikin rantsuwa da la'ana. Sai a 1873 wani likita a Norwe, Armauer Hansen, ya ga ƙwayar cutar da idonsa ta madubin ƙara girma, yau kuma maganinta kyauta ake ba da shi, tana warkewa. Kalmomin da aka ƙera kafin nan ba su ji labari ba. Suna nan yadda aka bar su, ɗauke da tsohon ƙyama, yara suna koyonsu tun kafin su san me suke nufi.

Girkawa ma ba su ba kura suna nata na kanta ba. Sun dubi gezar bayanta mai tauri suka ce hiyaina, daga kalmarsu ta alade, wato ta-alade. Sunan da Turawa suke kiranta da shi ke nan har yau. Mai ruwan ƙasa, mai kuturta, ta-alade, gurguwa kamar yadda Larabawa suke ce mata saboda tafiyarta. Kowa ya dube ta sai ya ga wani abu dabam da ya riga ya tsana ko yake tsoro.

Mu fa? Karin maganarmu ba ta raga mata ba. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta, muke cewa da mai wa'azin abin da ya kasa. Mai akuya ma ya yi tafiyar dare balle mai kura. A tatsuniya kuwa ba ta taɓa fita da riba ba. Ga ƙarfi, ga haƙori, amma kwaɗayi ya rufe mata ido, Gizo ya yaudare ta yau, Dila malamin daji ya yaudare ta gobe, jibi ta dawo ta sake yarda. Muna yara mukan yi dariya har da riƙe ciki, kuma na daɗe kafin na gane cewa dariyar maganin tsoro ce. Ana ba da labarin ne da dare, a lokacin da dabbar ta gaske take zagaya shinge. Yaron da ya yi wa kura dariya kafin ya kwanta zai iya barci.

Karin magana ɗaya ce na san ta tsaya a gefen kura: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Duk wanda ya taɓa ganin gardawa sun shigo kasuwa ya san hoton. Ganga na tashi, ga takunkumin igiya a bakin dabbar, ga sarƙa mai nauyi, ga kulki, gardi sanye da warki da layu yana tsalle yana kirari, mutane suna ja da baya suna kuma matsowa. Wani mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wasu daga cikinsu tsakanin 2005 da 2007, hotunan suka zaga duniya, mutanen waje suka yi ta mamakin jarumtar gardi. Bahaushen da ya ƙirƙiri karin maganar ya riga ya dubi ɗaya gefen sarƙar. Ya ga wa ke shan wahala, wa ke ƙirga kuɗi. Ban taɓa jin ta a bakin mai gona ba. A bakin ɗan ƙodago nake jin ta, irin wanda ke yankan riɗi tun asuba a Gadarif, buhunan kuma su tafi Bur Sudan a shiga da su jirgin ruwa da sunan wani.

Gaskiyar dabbar ma ba ta yi daidai da sunanta ba. Masu nazarin namun daji sun tabbatar da cewa kura mai dabbare-dabbare takan farauto mafi yawan abin da take ci da kanta, kuma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Mace ce ke shugabantar garke, ta fi namiji girma, kure sai ya jira. Ta fi kusa da kyanwa da tunku a zuriya bisa ga kare, duk da kamarta. Cikinta na narkar da ƙashi, shi ya sa kashinta ke bushewa fari fat kamar alli. Abin da gari ya zubar, mushen jaki, ƙashin mahauta, ita ke kwashewa kafin gari ya waye. Mutanen Harar, tsohon birnin Musulmi a gabashin Habasha, sun san wannan aikin nata. Sun bar mata kafofin shiga a ganuwarsu, har akwai masu ba ta nama da hannu kowane dare.

Amma a ƙasar Habashan nan dai akwai kalmar buda, mai mugun ido wanda aka ce yana rikiɗa ya zama jib da dare. Su wa ake zargi? Maƙera, masu ginin tukwane, da Yahudawan ƙasar, Beta Isra'ila, wato masu sana'ar hannu da ba su da gona, ba a kuma aurensu. Barebari suna ce wa kura bultu, har suna da kalma guda mai nufin na rikiɗa na zama kura. A Sudan akwai labaran mutanen da ke zama marfa'in, a ƙasar Hausa ma mun sha jin wane ya ga sawun kura ya ƙare a ƙofar ɗakin wane. Na saurari irin labaran nan da yawa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce yayansa ne ko kawunsa ba. Kullum mutumin ƙauyen gaba ne, ko baƙon da ya sauka bara, ko tsohuwar da 'ya'yanta suka mutu suka bar ta.

Nan ne maganar ta dawo da ni Gadarif, wurin 'yan'uwanmu. Hausawan Sudan hanyar Makka ce ta kai su. Wasu sun riga zuwan Turawa, wasu sun biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, wanda aka kashe a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau kusa da Sinnar. Wasu sun zo daga baya, a ƙasa, a kan jaki, daga bisani a bayan babbar mota, ana noma a tsaya shekara biyu a ci gaba. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa sun ƙarasa sun dawo sun tsaya a nan. Wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a kansu a 1995, inda ya nuna yadda jikokin da aka haifa a Sudan suke ci gaba da ɗaukar kansu mahajjata masu jiran ranar tashi. Su suka sare daji, suka noma auduga a Jazira, dawa da riɗi a Gadarif, suka kama kifi a kogin Rahad da Atbara. Amma sunan da aka ba su ba nasu ba ne. Fallata ake ce musu, a haɗa su da Fulani da Barebari da duk wanda ya fito daga yamma, ko Takari, kuma akwai bakin da in ya furta sunayen nan ka san ba yabo yake yi ba. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane fiye da ɗari, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Kartum. Tambayar da ke ƙarƙashin rikicin ita ce ko mutumin da aka haifi kakansa a wuri yana da ikon ya ce wurin nasa ne. Ba sai an ce da mutum yana rikiɗa ba. Ya isa a ajiye shi bayan gari a cikin suna, shekara ɗari, a ci abin da ya noma, ranar da rai ya ɓaci a tuna cewa baƙo ne.

Ina yawan tunanin mahajjacin nan na farko da sunayen da ya tsallaka. Ya bar gida da kura. Fulanin da ya kwana a rugarsu suka ce fowru. A Barno bultu. Daga Wadai har Fashir har Ubayyid marfa'in ce ke bin ayari a baya tana jiran raƙumin da zai gaza. In ya bi ta Gallabat, garin kan iyaka da mahajjatan yamma suka daɗe da zama a cikinsa, ya ji jib. In Allah ya kai shi ya haye teku daga Sawakin ya ɗaura harami, sai ya tarar da ita a littafin fiƙihu da sunanta na Larabcin malamai, dab'u, da hukuncinta a gefe: mai harami da ya kashe ta zai yi fansa da rago. Malamai sun saɓa kan cin namanta, Shafi'awa sun halatta, Malikawanmu sun karhanta, Hanafawa sun hana. Abin da ya tsaya mini shi ne ragon. Dabbar da kowane harshe ya wulaƙanta, a ƙasa mai alfarma jininta yana da farashi, kuma farashin shi ne dabbar da Bahaushe ke yankawa ranar suna.

Kalmomi kaɗan ne na Hausa suka shiga bakin Sudanawa suka zauna, kuma yawancinsu ta hanyar ciki suka shiga. A garuruwan ƙasar da yawa, da magariba za ka ga hayaƙi da layin mutane wurin mai agashe. Tsire ne, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, sunan kuma namu ne ba a canza ko wasali ba: a gashe. Kura ba ta samu shiga haka ba, don ta tarar da mai wuri. A Larabcin titi kora ƙwallo ce, wadda yara ke bugawa a fili da la'asar, kuma a kunnen yaron da ya tashi da harshe biyu tazarar da ke tsakanin kalmomin nan ba ta kai tsawon tsinke ba.

Na ga haka da idona a wani gida a gefen Gadarif, cikin irin ɗakunan nan masu jinkar ciyawa da suke kira guɗɗiyya. An ci tuwon dawa, an kawar da kwanuka, tsohuwar gidan ta tara jikoki a tabarma. Hausarta irin ta dā ce, wadda ko a Kano sai a bakin tsofaffi. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, manyan suka amsa, ƙananan suka bi su. Ta kai inda kura ta lallaɓo ta ɗauke akuyar Gizo, sai wani ɗan ƙarami, bai fi shekara biyar ba, ya fashe da dariya. Ya ce da Larabci, ya Habboba, yaya za a yi kora ta ci akuya?

Yayyensa suka fara cewa marfa'in, marfa'in take nufi. Tsohuwar ta ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ba ta fassara ba. Ta ajiye carbinta a cinya, ta haɗa tafukanta biyu a baki, ta sunkuyar da kai ƙasa yadda dabbar ke yi, ta ja kukan tun daga ƙirji, kuuu, ta ɗaga shi sama a ƙarshe ta yanke. Yaron ya daina dariya, ya matso ya kama gefen zanenta. Can bayan ɗaki, awakin da ke turke suka miƙe tsaye gaba ɗaya, muna jin igiyoyinsu suna ja.